Littafin aiki: neman baƙaƙen layuka a cikin haske

4 ga Oktoba

Yau na fara haɗa na'urar raba haske. Buri biyu gare ni. Na farko, in ga baƙaƙen layukan da ke cikin hasken rana da idona, wato gurabun da ƙwayoyin zarra suka haɗiye haske kafin ya iso gare mu. Na biyu, in hali ya yi, in fitar da irin wannan layi a kan teburina da gishiri da harshen wuta, kamar yadda masanin kimiyya Gustav Kirchhoff ya yi a Heidelberg ta Jamus a 1859.

Kayan da na tara: kwalin takalmi, reza biyu, baƙin salatif, tsohon faifan CD da wayar hannu. Ban sayi komai ba tukuna. Na yanka rami a goshin kwalin, na jera bakin reza biyu suna fuskantar juna har tsagar da ke tsakaninsu ba ta wuce kaurin takarda ba. A ɗaya ƙarshen na kafa gutsuren faifan a karkace. Faifan CD yana da siraran layuka kusan 625 a kowace milimita, kuma su ne ke karkatar da kowane launi zuwa nasa gefen.

6 ga Oktoba

Gwajin farko. Da na juya tsagar zuwa tsohon ƙwan lantarki mai zaren ƙarfe a ciki, sai ga bakan gizo a shimfiɗe sumul, daga ja har shunayya, ba ko tsinkewa. Amma da na juya ta zuwa doguwar farar fitila mai tururin zaiba, sai labari ya sha bamban: layuka ne tsaye a rarrabe, kore mai haske sosai, shuɗi mai duhu, da wani ja-ja kusa da ruwan lemo, tsakaninsu kuwa dishi-dishi. Ido yana ganin fitilun nan biyu farare ne, amma cikinsu ba ɗaya ba.

Koren layin na zaiba ne, tsawon zangonsa, wato tsawon igiyar haske guda wanda shi ke bambanta launi da launi, nanomita 546.1 ne (nanomita kashi ɗaya ce cikin miliyan na milimita), shuɗin kuma 435.8. Da su zan riƙa awo nan gaba. Matsalar ita ce layukan sun yi kauri, gefensu ya jiƙe. Da wannan kaifin ba zan ga layukan rana ba.

9 ga Oktoba

Na koma faifan DVD, domin layukansa sun kai kusan 1,350 a milimita, ya fi baza launuka. Aikin ya ci min yamma guda. Faifan DVD roba biyu ce a manne, sai an sa bakin wuƙa a gefe an ɓare su. Na farko ya tsage ta tsakiya. Na biyu ya ɓaru lafiya, amma fuskar da ke ɗauke da layukan ba ta son taɓi ko kaɗan; yatsa ɗaya ya sauka a kanta, shi ke nan, tambarin ya zauna, gogewa kuma ta ƙara lalata wurin. A na gaba na riƙe ta gefe kawai, na zuba sifirit ya wanke rinin shunayya da ke jiki, na bar shi ya bushe da kansa. Na yanko daga bakin waje, inda layukan ba su lanƙwasa sosai ba.

Sai kuma bakan ya ɓace gaba ɗaya. Na yi ta leƙe, ba komai. Lissafi ne ya warware: tazarar layukan DVD nanomita 740 ce, don haka idan haske ya faɗo a miƙe, kore yana fita a kusurwar da ta kai digiri 47, ja kuma ya haura digiri 60. Kyamarar tana kallon gaba, bakan yana can gefe. Na sake yanka ramin kyamara a kusurwa, ya dawo, kuma faɗinsa ya fi ninki biyu na faifan CD.

10 ga Oktoba

Na liƙe cikin kwalin da baƙar takarda, na toshe kowace kafa da salatif. Shi ke nan na yau.

13 ga Oktoba

Ban taɓa na'ura ba yau, biro da takarda kawai. Na ga gara in san abin da nake nema kafin in je nemansa.

Ilektiron, ɗan ƙaramin ɓangare mai cajin lantarki da ke cikin ƙwayar zarra, ba ya ɗaukar kuzarin da ya ga dama. Kamar mai hawa tsani ne: ko yana kan wannan mataki ko yana kan wancan, babu wurin sa ƙafa a tsakani. Haske kuma yana zuwa ne ƙunshi-ƙunshi, ana kiran kowane ƙunshi foton, kuma kuzarin foton ya dogara ne kacokan ga tsawon zangonsa. Masanin kimiyya Planck ne ya buɗe wannan ƙofa a 1900, Einstein ya ƙarasa shiga a 1905. Hanyar lissafi mai sauƙi: a raba 1,240 da tsawon zango a nanomita, a sami kuzari a ilektiron-bolt, ma'aunin irin wannan ɗan ƙaramin kuzari. Idan kuzarin foton ya zo daidai da tazarar matakai biyu, ƙwayar zarra tana iya haɗiye shi, ilektiron ya haye sama. Idan bai yi daidai ba, foton ya wuce abinsa kamar ba kowa a wurin. Ba a karɓar rabi a mayar da canji, kuma ƙara yawan hasken da bai dace ba ba ya sa a karɓe shi.

Na gwada da sodiyam. Layinsa na rawaya yana kan nanomita 589, wato 1,240 raba 589, ya ba ni kusan 2.1. Wannan ita ce tazarar da ke tsakanin matakin da ilektiron ɗinsa na waje yake zaune, wanda ake kira 3s, da na samansa, 3p.

Haidirojin ya fi daɗin lissafi. Niels Bohr ya nuna a 1913 cewa matakansa suna bin 13.6 raba lambar mataki sau kanta, ana ƙirgawa ƙasa da sifili: na ɗaya 13.6, na biyu 3.4, na uku 1.51, na huɗu 0.85. Daga na biyu zuwa na uku tazarar 1.89 ce, wadda ta ba ni nanomita 656, ja. Daga na biyu zuwa na huɗu 2.55, nanomita 486, shuɗi mai ɗan kore. Waɗannan lambobi tun 1885 wani malamin makaranta a Basel, Johann Balmer, ya samo musu tsari, ba tare da ya san dalilinsu ba. Ni dai ban cika son zanen nan da ake yi wa yara na ilektiron yana zagaye kamar duniya a kewayen rana ba. Masana sun bar shi tun bayan aikin Schrödinger a 1926. Amma lambobin matakan suna nan daram, kuma su nake buƙata.

17 ga Oktoba

Gwajin rana na farko. Ban nufi ranar kanta da na'urar ba, kuma kada kowa ya yi, ido ba shi da madadi. Na shimfiɗa farar takarda a rana na juya tsagar gare ta.

Na ga baƙaƙen layuka nan take, har zuciyata ta buga. Sai dai a kwance suke, sun bi tsawon bakan daga ja zuwa shuɗi. Layin gaske dole ya tsaya a tsaye, ya ratsa launi ɗaya kawai, tunda shi hoton tsagar ne a wurin da haske ya yi ƙaranci. Waɗannan na kwance ƙura ce da ƙananan tsaguwa a bakin reza, kowace ƙwayar ƙura tana tare dukkan launuka a tsayinta. Na hura, na goge, wasu suka tafi, wasu suka ƙi. Rezar da na sa tsohuwa ce, bakinta ya ci.

Matsala ta biyu daga wayar take. Da ta ga duhun cikin kwali sai ta buɗe ido iya ƙarfinta, kore da rawaya suka ƙone suka zama fari fat. Ko akwai layi a wurin, ya nutse. Tana kuma ta neman inda za ta kafa kallo, hoton yana shiga yana fita.

19 ga Oktoba

Na sayi sabuwar reza, sayayyar farko ke nan a wannan aiki. Na sa wata manhajar kyamara da ke bari in kulle haske da nisan kallo da hannuna. Gajimare ya rufe, ban yi gwaji ba.

21 ga Oktoba

Sun fito.

Na matse tsagar har sai da na ɗaga ta ga fitila kafin in tabbatar akwai kafa. Na kafa kallon kyamara a kan koren layin zaiba, na kulle, sannan na fita da kwalin ba tare da na motsa wayar ba. A hoton farko ban ga komai ba sai da na faɗaɗa shi. Ga wani siririn layi tsaye a cikin shuɗi mai kore, kamar an ja shi da fensir mai tsini. Ga wani mai ɗan kauri a cikin kore. Ga na uku a iyakar rawaya da ruwan lemo, shi ya fi kowa fitowa. Na auna wurarensu da layukan zaiba biyu: na farko ya faɗo kusa da 486, na biyu kusa da 517, na uku kusa da 589. Haidirojin, magniziyam da sodiyam ke nan. Lambar 486 da na fitar da biro ranar 13 ga wata, ga ta a zaune a cikin hasken rana.

Jan layin haidirojin na 656 da ƙyar ake ganinsa. Kyamarar waya tana da gilashin da ke rage haske daga can ƙarshen ja, don haka wurin ya yi duhu tun kafin a kai ga layin.

William Wollaston ya ga kaɗan daga cikin layukan nan a 1802, ya ɗauka iyakokin launuka ne. Joseph von Fraunhofer, mai sana'ar gilashi a Jamus, ya zana fiye da 500 daga 1814, ya sa wa manyansu haruffa: C ga jan nan, D ga na rawaya, F ga na shuɗi. Har ya rasu a 1826 ba a san abin da ke jawo su ba. Da na tuna cewa da ido da gilashi kaɗai ya yi wannan, ni kuma da kyamara ina fama da huɗu, sai na rage murna.

24 ga Oktoba

Wata tambaya ta hana ni sakat. Idan haidirojin yana haɗiye ja da shuɗi, me ya sa iskar haidirojin a cikin kwalba ba ta da launi?

Amsar tana cikin lissafin da na riga na yi. Layukan 656 da 486 duk daga mataki na biyu suke tashi. Haidirojin mai sanyi kuwa ilektiron ɗinsa yana mataki na ɗaya, kuma tsallen farko daga nan yana buƙatar 10.2, wato foton mai nanomita 121.6, can cikin hasken da ya wuce shunayya, wanda ido ba ya gani. Hasken da muke gani, daga kusan 1.7 zuwa 3.1, bai kai ya ɗaga shi ba. Ga kuma cewa a cikin kwalba haidirojin bibbiyu yake a haɗe, matakansa ma sun canza. Kenan kafin ƙwayar zarra ta ci jan haske, sai wani abu ya riga ya ɗaga ilektiron ɗinta zuwa na biyu, kuma a rana zafi ne ke yin wannan ta hanyar karo.

Na lissafa yawansu. A zafin fuskar rana, kusan digiri 5,800 a ma'aunin zafi na Kelbin, waɗanda ke mataki na biyu ba su kai ɗaya cikin miliyan ɗari ba. Duk da haka layin ya fito har kwalin takalmi ya kama shi. Ma'ana haidirojin da ke can yawansa ya wuce misali. Irin wannan tunani ne, bisa lissafin Meghnad Saha na Indiya, ya kai Cecilia Payne a 1925 ga cewa taurari galibinsu haidirojin ne da hiliyam, a lokacin da manyan masana ke ganin kayan rana kusan irin na ƙasa ne. Duhun layi ba ya nuna yawan sinadari kai tsaye; yana nuna yawan waɗanda ke kan matakin da ya dace.

26 ga Oktoba

Na ɗauki hoto da tsakar rana da kuma dab da faɗuwarta don in kwatanta. Akwai layin da ake kira B, kusa da 687, wanda iskar oksijin ta duniyarmu ce ke yinsa, kuma yana ƙara duhu da yamma saboda haske yana ratsa iska mai kauri. Kyamarar ba ta kai can ba. Na bar wannan.

28 ga Oktoba

Buri na biyu. Na jiƙa lagwani da ruwan gishiri na kai shi bakin wutar gas. Harshen ya koma rawaya, a na'ura kuma layi ɗaya tak mai haske, daidai inda baƙin layin D yake a hoton rana. Na ɗora hotunan biyu, sun hau juna. Tazarar da ilektiron ke hawa idan ya haɗiye foton ita ce yake saukowa idan ya saki, don haka launin da sodiyam ke ci shi ne launin da yake fitarwa.

Sai na kunna farar tocila a bayan wutar, ina jiran layin ya koma baƙi. Bai koma ba. Ya zauna da haskensa a kan bakan tocilar, ya ma fi shi ƙyalli. Na ƙara gishiri, ya ƙara haske. Na matso da tocilar har robar gabanta ta fara laushi tana wari, ba canji. Na canza tocila, haka. Na kashe komai raina a ɓace.

31 ga Oktoba

Na koma ga bayanin Kirchhoff na 1859, kuma shi ma ya ci karo da wannan. Ya rubuta cewa don layin D ya fito baƙi a kan farin hasken da yake amfani da shi, sai harshen gishirin ya zama mai ƙarancin zafi; wutar sifirit mai ruwa-ruwa tana yi, amma fitilar gas ta Bunsen ba ta yi.

Dalilin ke nan. Sodiyam da ke cikin wuta yana aiki biyu a lokaci guda: yana haɗiye rawayan da ke zuwa daga baya, yana kuma fitar da nasa saboda zafi na ɗaga ilektiron ɗinsa. Abin da ido ke gani ragowar lissafi ne. Idan abin da ya fitar ya fi abin da ya ci, layi mai haske. Idan abin da ya ci ya fi, layi baƙi. Wuta ta gas ta yi zafi da yawa, hasken tocila kuma a baje yake, ɗan abin da ke shiga tsagar bai taka kara ya karya ba. A rana tsarin a shirye yake: zafi mai tsanani a ƙasa, iska mai ɗan sanyi-sanyi a sama.

Abin da zan nema: ƙwan fitilar mota na halojin, wanda zarensa ke kai kusan Kelbin 3,000, batir mai bolt 12, gilashin ƙara girma, da ƙaramar fitilar sifirit.

3 ga Nuwamba

Na sayi ƙwan da gilashin, batir aro na yi. Fitilar sifirit na haɗa da ƙaramar kwalba da lagwani.

Jeri ya zama haka: ƙwai, gilashi, wuta, tsaga. Na yi ta matsar da gilashin har hoton zaren ƙwan ya sauka a kan bakin reza, murɗaɗɗe, ana iya ƙirga zobbansa. Wannan shi ne muhimmin abu, domin sai hasken zaren da kansa ya cika tsagar. Na sirka sifirit da ruwa kaɗan-kaɗan, na narkar da gishiri a ciki. Da ruwan ya yi yawa wutar ta ƙi kamawa. Da na rage, ta kama da wani harshe mai rauni, yana rawa.

Da wuta kaɗai: layin rawaya mai haske a kan baƙi. Na haɗa waya da batir, bakan gizo ya cika fuskar, kuma a daidai wurin sai ga siririn layi mai duhu. Ba baƙi ƙirin ba ne, toka-toka ne, yana zuwa yana tafiya yadda harshen ke kaɗawa. Na janye wutar, ya ɓace. Na mayar, ya dawo. Sai na yi abin da ya fi burge ni a duk aikin nan: na sa doguwar waya siririya a layin batir don ƙwan ya dushe. Da zaren ya koma ja-ja, layin ya juye ya zama mai haske. Wuta ɗaya, gishiri ɗaya, abin da ke baya kawai ya canza.

Wani zai ce, ai ilektiron ba ya daɗewa a sama, a sodiyam kusan nanosakan 16 ne, wato kashi 16 cikin biliyan na daƙiƙa, ya sauko ya saki foton irin wanda ya ci, to ina duhun ya fito? Foton da aka haɗiye yana kan hanyarsa ce zuwa tsagar. Wanda aka saki kuwa kowace fuska yake iya bi, sama, ƙasa, baya, kaɗan ne ke komawa hanyar farko. Wasu ƙwayoyin ma karo suke yi da maƙwabtansu kafin su saki komai, kuzarin ya zama zafi.

5 ga Nuwamba

Ƙwan ya mutu. Da alama feshin ruwan gishiri ya taɓa gilashinsa yana da zafi, ya tsage. Sai an sayi wani, kuma zan sa gilashin taga tsakaninsa da wuta.

9 ga Nuwamba

Kafin sabon ƙwai ya samu, na daka ɗanyen ganye a sifirit na tace, na sa koren ruwan a gaban tsagar da hasken rana. Nan ba siraran layuka ba ne. Shuɗi da shunayya sun tafi gaba ɗaya, wani faffaɗan yanki a cikin ja kusa da 660 ya yi duhu, kore ya wuce. Sinadarin koren ganye ƙwayoyin zarra ne fiye da ɗari a haɗe, suna motsi suna girgiza, ruwa kuma yana ta bugunsu, don haka kowane mataki ya zama tarin matakai a cushe, layuka suka narke cikin juna. Da na haska ruwan da shuɗiyar fitila a ɗaki mai duhu na kalle shi ta gefe, sai ya yi ja kamar jini. Ilektiron ya hau da foton mai kuzari, ya zubar da wani kaso a matsayin zafi, ya sauko da foton mai ƙarancin kuzari.

12 ga Nuwamba

Layin D a gaskiya biyu ne, 589.0 da 589.6, domin matakin 3p a rabe yake da tazarar kusan 0.002 na ilektiron-bolt kawai. Na gwada raba su da wutar gishiri. Na matse tsagar har haske ya kusa ƙarewa, abin da na samu layi ɗaya ne mai ɗan faɗi, gefe ɗaya ya fi haske. Yawan layukan DVD ya isa wannan aiki; gajartar kwalin da ƙanƙantar gilashin kyamara ne suka hana.

Mataki na gaba: bututun roba mai tsawon kusan mita ɗaya a maimakon kwali, gilashi a bayan tsagar don hasken ya miƙe kafin ya kai faifan, da tsaga mai kusa wadda zan iya matsewa ba tare da ɓare salatif ba. Zan kuma nemi tsohuwar kyamarar kwamfuta in cire mata gilashin da ke tare ja, don in kai ga 656 da 687. Bututun na riga na samu, gobe zan fenta cikinsa.